Likita da Nas a Gaban Mai Sulhu: Nazarin Rikicin Ma'aikatan Lafiya na 2018

A ranar Laraba, 30 ga Mayun 2018, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Abuja ta karɓe tattaunawar da ta cije tsakanin Gwamnatin Tarayya da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya, JOHESU, ta miƙa ta ga cibiyarta ta sulhu. A lokacin asibitocin tarayya sun shafe makonni shida kamar an yi shara. Yadda shugabannin ƙungiyar suka karanta wa 'ya'yansu umarnin, abubuwan da ke cikinsa ba su da yawa. Kowane ɓangare ya ba da sunayen wakilansa cikin sa'o'i 24. Duk abin da aka daddale a kai za a dawo da shi kotu ya zama hukuncin da ya hau kan kowa. Ma'aikata su fara komawa bakin aiki cikin kwana uku, kowa kuma ya tsaya a inda yake kafin rigima ta ɓarke. Sai wani sharaɗi da ba a saba ji ba: ma'aikatar lafiya da ta ƙwadago su turo jami'an da ke da ikon yanke magana, amma ministocin biyu ba za su zauna a teburin ba.

Washegari JOHESU ta janye yajin aiki. Kwana 14 kafin nan, ranar 17 ga Mayu, kotun nan dai ta umarci ma'aikatan su koma aiki cikin sa'o'i 24, suka yi kunnen uwar shegu da ita. Umarnin dole bai buɗe asibiti ba, gayyata zuwa teburin sulhu ta buɗe. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a duba lamarin. Amma akwai abin da ya fi shi buƙatar nazari, shi ne yadda buƙatar da ta jawo yajin aikin ta ci gaba da dawowa shekara bayan shekara kamar ba a taɓa zama a kanta ba.

Wa ke faɗa da wa

A takarda, rikici ne tsakanin ma'aikaci da mai biyansa albashi. JOHESU inuwa ce da a wancan lokaci ta tattaro ƙungiyoyi biyar, ƙarƙashin jagorancin Biobelemoye Josiah. A cikinta akwai ma'aikatan jinya da ungozomomi, masu harhaɗa magunguna, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, masu ɗaukar hoto, masu gashin ƙashi, ma'aikatan ɗakin kati, akantoci, direbobi, masu shara. A taƙaice duk mai cin abinci a asibiti, in ka cire likita da likitan haƙori.

Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibiti ya san abin da wannan jerin yake nufi. Ka iso da mara lafiya da sassafe, kafin ka ga fuskar likita sai ka yanki kati, wani ya shiga cikin tarin fayil-fayil ya zaƙulo naku. Nas ta gwada hawan jini da zafin jiki. Likita ya duba, ya rubuta gwaji, ka nufi ɗakin awon jini, daga can ɗakin hoto, daga can layin karɓar magani. In an ba ku gado, nas ce za ta nemo jijiya ta ɗaura ruwa, ta yi allurar ƙarfe biyun dare, ta juya wanda ba ya iya juya kansa. In tiyata ce, wani ne ya dafa kayan aiki ya naɗe su, wani ya tayar da janareta, wani ya goge jinin da ya zuba a ƙasa kafin a shigo da na gaba. A Afrilu da Mayun 2018 likitoci suna zuwa aiki, amma abin da likita zai iya shi kaɗai bai wuce ya duba mutum ya rubuta masa takarda ya je waje ya saya ba. Aka yi ta sallamar marasa lafiya daga gadaje. Mai hali ya nufi asibitin kuɗi, maras hali ya koma gida, ko kemis, ko wajen mai maganin gargajiya.

Yajin aikin ya fara ne daga tsakar daren 17 ga Afrilu a asibitocin tarayya, wato har da irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Sakkwato, da na Maiduguri. Daga 9 ga Mayu aka umarci rassan jihohi da ƙananan hukumomi su ma su ajiye aiki. Kwana ɗaya kafin haka aka sanar da ɓullar Ebola a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, alhali masu tantance matafiya a filayen jirgin sama da kan iyakoki da yawansu 'yan ƙungiyar ne. Ranar 17 ga Mayu kuma aka ɗauki azumi, cikin tsananin zafi.

Babbar buƙatar JOHESU guda ce: a gyara tsarin albashinsu mai suna CONHESS kamar yadda aka gyara na likitoci, CONMESS, a 2014. Ma'aikatar lafiya ma da bakinta ta ce cikin buƙatu 15 da ƙungiyar ta kawo a 2017 an biya 14, saura wannan ɗayar. Sai dai ita ɗayar ce gaba ɗayan maganar. Kuma ba rashin kuɗi ne kaɗai ya riƙe hannun gwamnati ba. Ƙungiyar likitoci ta ƙasa, NMA, ta fito fili ta ce in aka yi wa JOHESU abin da zai taɓa tazarar da ke tsakanin albashin likita da na sauran, to su ma za su ajiye nasu aikin. Daga nan mai kallo zai gane cewa masu jayayyar na gaskiya abokan aiki ne da ke shiga ƙofa ɗaya kowace safiya, gwamnati kuwa ita ce a tsakiya.

Asalin tazarar

Rigimar ta girmi yawancin waɗanda suka yi yajin aikin. Dokar soja mai lamba 10 ta 1985, wadda ta sake fasalin hukumomin gudanarwar asibitocin koyarwa, ta ɗora shugabancin asibiti a hannun mai shaidar likitanci, kuma tun daga lokacin likita ne ke hawa kujerar. A farkon shekarun 1990, zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, aka ware wa likitoci tsarin albashinsu daban. Har yau in ka zauna da dattijan ma'aikatan jinya ko masu harhaɗa magani, daga nan suke fara ƙirga lokacin da zumunci ya lalace. Likitoci kuma daga wani wuri suke fara tasu ƙirgar: daga lokacin da aka sake haɗe tsare-tsaren albashi, fifikon da suke da shi ya yi ta narkewa.

A 2009 aka fito da tsari biyu, CONMESS na likitoci da CONHESS na sauran ma'aikata. A 2013 Kotun Ma'aikata ta yanke hukuncin da ya yi wa ƙungiyoyin JOHESU daɗi kan batun tsallake mataki na 10 a ƙarin girma. A Janairun 2014 gwamnati ta gyara CONMESS domin maido wa likitoci tazararsu. Ranar 1 ga Yulin wannan shekara NMA, ƙarƙashin Dakta Kayode Obembe, ta shiga yajin aiki da buƙatu 24, kuma da dama daga cikinsu ba kuɗi suke nema ba, iyaka suke shatawa abokan aiki: kada a kira wanda ba likita ba da laƙabin kwansaltan, kada a taɓa shugabancin asibiti. Suna cikin yajin aikin Ebola ta shigo Legas. A Agusta gwamnatin Goodluck Jonathan ta dakatar da shirin horar da likitoci masu neman ƙwarewa, kafin a janye yajin a ƙarshen watan. Likitoci na dawowa da 'yan watanni, JOHESU ta fita a Nuwamba, ba ta dawo ba sai farkon Fabrairun 2015.

Ba a ce ba a yi ƙoƙarin haɗa su ba. Jonathan ya kafa kwamitin ƙwararru kan dangantakar ma'aikatan lafiya ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed, tsohon shugaban ma'aikatan tarayya kuma tsohon sakataren gwamnati, mutumin da ba likita ba, ba nas ba, kuma ya san aikin gwamnati ciki da bai. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a ƙarshen 2014. Likitoci suka yi ta kira a aiwatar da shi, ɓangaren JOHESU ya ce bai yarda ba. Nan ma akwai abin lura. Kwamiti yana sauraron kowa ne ya koma ɗaki ya rubuta abin da ya ga ya dace, don haka dole wani ya ga an ba shi gaskiya, wani ya ga an danne shi. Mai sulhu kuwa ba ya rubuta komai sai abin da ɓangarorin suka furta da bakinsu.

In za a yi adalci, kowane ɓangare yana da abin faɗa. Likita zai ce ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar koyon aiki, ya ƙara wasu shekaru yana neman ƙwarewa, kuma in mara lafiya ya mutu a hannunsu sunansa ne a fayil. Mai harhaɗa magani ko nas mai digiri za su ce su ma ba a titi suka tsinci iliminsu ba, kuma ba daidai ba ne a ce komai hazaƙar mutum da daɗewarsa akwai rufin da ba zai taɓa hudawa ba. JOHESU ta yi ta nanata cewa ba daidaito da likita take nema ba, gyara take nema irin wanda aka yi wa likita. Gwamnati da NMA suka ce gyaran, in aka yi shi yadda aka nema, daidaiton ne da wani suna. A ganina fifita albashin likita abu ne mai hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne a bar girman tazarar a hannun wanda ya yi yajin aiki na baya-bayan nan, maimakon a auna nauyin kowane aiki a fili, da ma'aunin da kowa ya amince da shi tun kafin a ga sakamako.

Mai shiga tsakani na farko

A Satumbar 2017 JOHESU ta yi yajin aiki na kimanin kwana goma, aka kashe shi da yarjejeniyar 30 ga Satumba, inda aka ɗibi makonni biyar a kammala maganar albashi. Makonni biyar suka zama wata shida da ɗoriya. Wannan ne ya haifi yajin aikin Afrilu.

Dokar sasanta rikicin ƙwadago ta 1976 ta shimfiɗa matakai. Da farko ɓangarorin su gwada hanyoyinsu na cikin gida. In abin ya faskara, cikin kwana bakwai su zauna gaban mai shiga tsakani wanda su biyun suka amince da shi. In nan ma ba a dace ba, a kai wa ministan ƙwadago rahoto ya naɗa mai sasantawa, daga nan kwamitin yanke hukunci kan rikicin ma'aikata, daga nan kotu. Dokar ta kuma ba minista ikon tsoma baki da kansa da zarar ya hango rikici. A aikace, in dai da Gwamnatin Tarayya ake yi, matakin nan na mutumin da aka amince da shi tsallake shi ake yi, a zarce ɗakin taron ministan ƙwadago.

Ministan ƙwadago a 2018 shi ne Sanata Chris Ngige, tsohon gwamnan Anambra, wanda likita ne. Ministan lafiya, Farfesa Isaac Adewole, likitan mata ne. Ƙaramin ministan lafiya, Osagie Ehanire, shi ma likita ne. Wato nas ɗin da ta zo neman a rage tazarar da ke tsakaninta da likita, ta tarar wanda za ta roƙa likita ne, wanda zai raba su ma likita ne, kuma abokin zaman wancan a majalisar zartarwa. JOHESU ta zarge su da son kai, har ta nemi a sauke Adewole. Ministocin sun musanta.

Babu buƙatar a shiga zuciyar Ngige a gano ko ya karkata. Mai yiwuwa ya yi iya gaskiyarsa. Amma jarin mai sulhu yarda ce, kuma ba shi yake ba kansa ita ba. Da zarar ɓangare ɗaya ya ɗauka cewa mai rabon ɗan gidan abokin faɗansa ne, kowace shawara ya kawo za a juya ta a nemi ƙugiyar da ke ciki. Ya ce a yi haƙuri, a ce jan ƙafa ne. Ya kawo tayin kuɗi, a ce an auna shi ne yadda ba zai ɓata wa likitoci rai ba. Haka aka yi ta zama ana tashi baram-baram. Gwamnati ta zaro sashe na 43 na dokar, wanda ya ce ba aiki ba albashi. NMA ta ce JOHESU haramtacciyar ƙungiya ce, JOHESU ta mayar da martani cewa ita NMA ɗin ma ai ba ta da rajistar ƙungiyar ƙwadago. A cikin asibitoci kuma aka yi ta zarge-zarge, likitoci na cewa an kulle ɗakunan aiki da kayan aiki an tafi da makullai don kada su taɓuka komai.

Lamarin ya yi kama da gidan mai mata biyu. Uwargida ba ta hana a yi wa amarya ɗinki ba, sharaɗinta dai nata ya fi, kuma fin da aka saba. Amarya ta ce ita ba ta ce a daidaita su ba, amma tunda an ƙara wa waccan bara, bana nata ne. Maigida ya shiga ɗakin wannan ya yi alƙawari, ya shiga ɗakin waccan ya yi wani, bai taɓa zaunar da su tabarma ɗaya ba. Da abin ya ƙazanta, sai ya kira ƙanin uwargida ya raba gardama.

Abin da ya sa zaman kotu ya yi aiki

Ƙarar da ta kai maganar kotu ba gwamnati ce ta shigar ba, ba kuma ƙungiyar ba. Wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ce mai zaman kanta ta roƙi kotu ta tilasta a koma aiki, shugaban kotun na lokacin, Mai Shari'a Babatunde Adejumo, ya ba da umarnin 17 ga Mayu ba tare da an saurari JOHESU ba. Shugaban ƙungiyar ƙwadago da ya kwashe wata guda yana zuga mutanensa ba zai iya komawa ya ce musu an ce mu koma mun koma ba, hannu rabbana. Ranar zai rasa kujerarsa. A tsakanin nan shugaban Majalisar Dattawa, Bukola Saraki, ya shiga maganar, ya gana da shugabannin ƙungiyar da kuma ministocin. Shi ma, abin dariya, likitanci ya karanta, amma ba shi ke riƙe da ma'aikatar ba, ba shi ya yi alƙawarin Satumba ba, don haka an saurare shi. Wannan ya nuna ba takardar makarantar mai shiga tsakani ce kaɗai matsalar ba, inda yake tsaye a cikin rigimar ya fi nauyi.

Cibiyar sulhun da aka tura su ba tsohuwa ba ce. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, shi ya ba Kotun Ma'aikata damar kafa ta, aka kafa ta a 2015. Alƙali ne ke turo mata shari'ar da ya ga za ta sasantu. Mai sulhun jami'in kotu ne da aka horar, ba ya yanke hukunci, aikinsa ya sa mutane su yi magana su kuma ji juna. Abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne. Akwai wa'adi na kwanakin aiki 21, da ɗan ƙari in an buƙata. In an daidaita, a rubuta, a sa hannu, alƙali ya mayar da shi hukunci. In ba a daidaita ba, fayil ya koma gaban alƙali a ci gaba da shari'a.

Umarnin 30 ga Mayu ya ba shugabannin JOHESU abin da za su riƙe su nuna wa mutanensu. An cire mutum biyun da suka ce ba su yarda da su ba, ba tare da an ce ministocin sun yi laifi ba, don haka gwamnati ma ba ta zubar da girma ba. An magance ciwon yarjejeniyar 2017, wadda aka sa wa hannu aka jefa a durowa, tunda wannan karon abin da aka amince zai zama hukuncin kotu. An kuma nemi wakilai masu ikon cewa e ko a'a, saboda duk wanda ya taɓa zaman sasanci da hukuma ya san yadda ake kwana ana magana, da asuba wakili ya ce bari ya je ya ji ta bakin na sama. Babu ko sisin kwabo a cikin umarnin, amma ya isa a buɗe asibitoci. A nan sulhu ya yi abin da barazanar hana albashi da umarnin dole suka kasa.

Sai dai kujeru biyu umarnin ya ambata, ta JOHESU da ta gwamnati. Mai kujera ta uku, wato ɓangaren likitoci, wanda ya riga ya sanar cewa in aka yi abin da bai gamshe shi ba zai rufe asibitocin ta ɗaya ƙofar, ba ya cikin ƙarar. Ba laifin kotu ba ne, kotu da waɗanda ke gabanta take aiki. Amma wakilin gwamnatin da ke zaune a ɗakin ya san duk abin da ya sa wa hannu kan albashi, gobe zai biya farashinsa a wani ɗakin. Ikon yanke maganar da kotu ta nema a ba shi bai kai nan ba.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. An cimma wasu abubuwa a cibiyar, kotu ta mayar da su hukunci. Amma a Satumbar 2020, ana tsakiyar korona, JOHESU ta yi yajin gargaɗi na mako guda, kuma a jerin buƙatunta akwai aiwatar da wannan hukuncin na sulhu, da biyan albashin Afrilu da Mayun 2018 da aka riƙe, da gyaran CONHESS kamar yadda aka yi wa CONMESS. Riƙe albashin nan ya yi ɓarna ta musamman, domin ma'aikatan sun fahimci umarnin kowa ya tsaya inda yake a matsayin alƙawarin ba za a hukunta su ba. A 2021 aka zo gyaran alawus na haɗarin aiki, wanda ya daɗe a kan Naira 5,000 ga kowa. Cuta ba ta tambayar mukami kafin ta kama mutum, don haka in akwai maganar da ya kamata ta haɗa kan ma'aikatan asibiti, ita ce wannan. Ita ma sai da aka yi ta jan ta wata da watanni saboda NMA da JOHESU sun kasa tsayawa kan matsaya ɗaya, daga ƙarshe gwamnati ta yanke da kanta a Disamba: likitoci tsakanin Naira 32,000 da 40,000, sauran tsakanin 15,000 da 34,000. A ƙarshen Mayun 2023 JOHESU ta sake fita kan CONHESS, ta janye ranar 5 ga Yuni bayan ganawa da sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu. A shekarar aka ƙara wa tsarin biyu kashi 25 cikin ɗari, na ƙololuwa kashi 35. Kowa ya samu ƙari, tazarar da ake faɗa a kanta tana nan inda take. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

A cikin ɗakin marasa lafiya

Yajin aiki yana ƙarewa a Abuja, amma mutanen da suka yi makonni shida suna jifan juna da magana a rediyo da Facebook su ne za su haɗu ranar Litinin a kan gadon mara lafiya ɗaya. Wannan ɓangaren babu wanda ya yi masa tanadi, kuma a nan ne saɓanin abokan aiki yake da fuska da suna.

A ɗauki abin da ke faruwa a kowane babban asibiti. Sabon likita, bai fi wata uku da fara koyon aiki ba, ya rubuta wa yaro magani. Sistar da ke kula da ɗakin, wadda ta fara aiki tun kafin a haife shi, ta duba fayil ta ce, a gaban uwar yaron: "Dakta, wannan adadin bai yi wa yaron nan yawa ba kuwa?" Shi kuma, da ya ji idon masu jinya a kansa, ya ce: "Sista, ni na rubuta, ke dai ki ba shi." Ta ajiye fayil ta ce ba da hannunta ba. Mai yiwuwa ita ce da gaskiya kan adadin, shi kuma yana da gaskiya cewa ba a gaban mutane ya kamata a gyara masa ba. Magana ce da babba mai hankali zai kashe cikin rabin sa'a a ofis, ƙofa a rufe: ya ji ta bakin kowa shi kaɗai, ya haɗa su, a tashi da ƙa'ida mai sauƙi, cewa nas tana da haƙƙin dakatar da maganin da take shakka, amma a gefe za ta kira likita, shi kuma dole ya sake lissafi ko ya kira na gaba da shi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Amma ina za su kai? Ita za ta rubuta wa shugabar ma'aikatan jinya, shi zai gaya wa shugaban sashensa. Takardun biyu za su hau sama su haɗu a teburin shugaban kwamitin ba da shawara kan harkokin lafiya, wanda likita ne, ko na shugaban asibiti, wanda shi ma likita ne. Matsalar ɗakin taron Ngige ce ta sake fitowa a ƙaramin sikeli. Kayan aikin da hukumar asibiti ta saba da su kuma kwairi, wato takardar tuhuma, da kwamitin ladabtarwa, waɗanda aikinsu gano mai laifi. Da an ba mutum kwairi zai ruga wajen ƙungiyarsa, ƙungiya kuma ba za ta ga Sista da Dakta ba, za ta ga an taɓa nas ko an raina likita. Kafin mako ya zagayo, maganar adadin magani ta koma maganar 1985.

Abin da umarnin kotu ya yi daidai ana iya kwaikwayonsa a nan ba tare da jiran Abuja ba. Asibiti zai iya ware mutane kaɗan daga sassa daban-daban, a horar da su, rassan ƙungiyoyin biyu su amince da sunayensu tun ana zaman lafiya, kuma masu saɓanin su zaɓi wanda za su zauna gabansa. Kada ya zama shugaban ɗayansu kai tsaye. Abin da aka faɗa a zaman kada ya shiga fayil ɗin ma'aikaci, in ba haka ba babu wanda zai ce na yi kuskure. Abin da aka amince a rubuta shi gajere, a sa ranar da za a dawo a duba ko an cika. Jadawalin aikin dare, miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa, wa ke riƙe makullin wane ɗaki, yadda ake yi wa juna magana a zagayen duba marasa lafiya, duk waɗannan suna sasantuwa. Duka, cin zarafin mace, ko sakacin da ya taɓa ran mara lafiya kuwa ba na teburin sulhu ba ne, na bincike ne da hukunci, kuma mai sulhun kirki shi zai fara faɗin haka.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowane mai sulhu, na asibiti ko na kotu. Wa zai shugabanci asibitin koyarwa magana ce da doka ta rubuta, sai majalisa ce za ta iya sauya ta. 'Yan JOHESU kan kawo misalin Farfesa Eyitayo Lambo, masanin tattalin arziki da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 2003 zuwa 2007, a matsayin shaidar cewa ba sai likita ne zai iya jan ragamar harkar ba. Likitoci su amsa cewa riƙe ma'aikata daban, riƙe asibitin da ake yanka mutane a ciki daban. An kai ƙudiri Majalisar Wakilai na a gyara dokar 1985 yadda sauran ƙwararru za su iya neman kujerar, ƙungiyoyin likitoci suka yi tsayin daka a kansa, kuma har yanzu likita ne ke shugabantar kowane asibitin koyarwa na tarayya.